Na Yafe Maka

Ranar Lahadi

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yan biyu da Auta. Yaya tarin Auta, ya sauka kuwa? Yaya kuma ciwon bayan nan da kike ɓoye min, kina cewa laifin kujerar keken ɗinki ne? Ni dai na iso lafiya, alhamdu lillahi, Yayanki ya tare ni a tasha.

Ki yi haƙuri da rubutun. Na san za ki ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Shekara shida ina lallashin hannun hagu ya riƙe biro, har yau gardama yake min. Yayanki ya ce in kawo ya rubuta min, na ce a'a, akwai maganar da ba a aiken suruki da ita. Waya kuma kin san halina, da na ji muryarki sai in ce lafiya lau in kashe.

Jiya na je wurin Lauya. Ofishinsa yana saman wani shagon kayan gyaran mota, ɗaki ɗaya, da fanka mai juya kai amma ba ta ba da iska. Fayil ɗinmu ya yi ƙiba, ya fi ni kumari, har an ɗaure shi da igiya biyu. Ya sa na sake ba shi labarin tun daga farko, wai don ya ji ko zan canza wani abu. Me zan canza? Shekara goma sha tara ina haɗa taragu a filin tashar jirgin ƙasa. In zan shiga tsakanin tarago biyu in ɗaga ƙugiya, sai in ɗaga murya in ce "Na shiga!", direba ya amsa da usur ɗaya ya danne birki, ba ya saki sai ya ga na fito na ɗaga hannu. Ranar ma haka aka yi. Na yi kira, direban, maƙwabcinmu Mai Usur, ya amsa, ya danne birki. Injin ne ya zame, bai fi taku ɗaya ba, ya tafi da hannuna na dama.

Kuma kowa a filin ya san birkin injin nan iska yake zubarwa. Sau uku Mai Usur yana rubutawa a littafin rahoto, sau uku ana ce masa kayan gyara suna hanya. A kan haka babbar kotu ta ba mu gaskiya, kin tuna ranar, har kika yi wa matan kwatas ɗinki kyauta. Kotun ɗaukaka ƙara ta karɓe. Yanzu saura Kotun Ƙoli, Lauya ya ce daga ita sai Allah.

Na tambaye shi maganar gida, don ita ce ta fi damuna. Ya ce yadda muka sani ne. Takardar da ta hana kamfani fitar da mu daga lamba sha bakwai tana da rai muddin shari'a tana da rai. In muka ci, gida namu ne har ƙarshen rayuwata, da diyya a kai. In muka faɗi, kwana talatin. Ya faɗi kwana talatin ɗin yana neman wani abu a aljihun tebur, bai kalle ni ba.

Ranar Laraba za a zauna. Ki ce wa 'yan biyu su dage da karatu, jarrabawa ba ta san babansu yana kotu ba. Ki gaishe da matar Mai Usur ta katanga, tun da ke Lauya bai hana ki magana da su ba.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Bahago

Ranar Alhamis

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwa irin ta kullum, da fatan ku duka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni jikina lau, sai zuciya.

An zauna jiya. Alƙalai biyar ne, a jere can sama, ɗaya daga cikinsu mace ce dattijuwa mai tabarau. Sanyin ɗakin ya shiga min dungu, sai da na rufe shi da hula. Ashe a nan ba a kiran shaida, ba a tambayar mai ƙara komai. Takardu kawai ake karantawa, lauyoyi su yi ta magana a kanka kana zaune kamar buhun da aka ajiye a tasha. Wani akawun Lauya ya zauna kusa da ni yana raɗa min abin da ake faɗa.

Yanzu zan gaya miki abin da na ɓoye miki shekara biyu. Da muka faɗi a ɗaukaka ƙara na ce miki alƙalan ne ba su fahimci aikin jirgi ba. Ƙarya na yi miki, ki yafe min. Kin ga ma, kalmar ta sake fita da kanta.

Kin tuna kwana na uku a asibiti? Mai Usur ya shigo ya durƙusa a gefen gado yana kuka kamar ƙaramin yaro, ƙaton mutum, har masu jinyar gadon kusa suka juya baya. Ya kasa cewa komai sai sunana. Kika taɓa ƙafata kika ce, "Ka ce masa wani abu mana, bawan Allah nan zai hallaka kansa." Ni kuma na ce abin da kowa zai ce. Na ce, "Tashi, na yafe maka duniya da lahira."

A ƙarshen gadon akwai jami'in jin daɗin ma'aikata, wanda ya kawo mana lemo da gwangwanin madara, har kika yi ta sa masa albarka. Kin tuna ɗan littafin da ke hannunsa? Ni na ɗauka sunan magunguna yake rubutawa. Ashe ya koma ofis ya buga da harshen ofis cewa ma'aikacin ya amsa da bakinsa, a gaban shaidu, cewa laifin direba ne, kuma ya yafe. Takardar tana cikin fayil, shafi na ɗari biyu da sha ɗaya.

Ga yadda dokar take, yadda Lauya ya warware min. In kayan aiki ne suka cuce ka, kamfani ne da alhaki. In abokin aikinka ne ya yi sakaci, tsakaninku ne, kamfani ya wanke hannunsa. Littafin rahoton da Mai Usur ya rubuta maganar birki a ciki kuwa, kin san sun ce ruwa ya shiga sito ya lalata shi. Saboda haka a duk fayil ɗin nan mai igiya biyu, babu takarda ɗaya da ta ce birki, amma akwai ɗaya da ta ce direba, kuma daga bakina ta fito.

Lauyan kamfani, wani siriri mai murya kamar ta mai karanta labarai, ya ɗaga shafin ya tambayi alƙalai wai shin mutum yana yafe wa wanda bai yi masa laifi ba? Na ga biyu daga cikinsu sun gyaɗa kai. Wallahi jinina ya hau. Na so in miƙe in ce musu eh, yana yi, kullum ma. Mai tafiya yana cewa a yafe masa ba tare da ya zagi kowa ba. Uwata da za ta rasu ta ce min ta yafe min, ni kuwa ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ke kanki sau nawa kike ce wa Auta kin yafe masa don kawai ya daina kuka? Na fara tashi, akawun ya kamo ni ta hannun riga, sai ya kamo wanda babu komai a ciki. Shi ya ji kunya, ni na zauna.

Lauyanmu ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci amanarsa ba. Ya ce magana ce ta majinyaci ga abokinsa, mutum yana cikin allurar kashe zafi. Dattijuwar nan ta yi masa tambayoyi tana rubutawa. Sauran suna duba agogon bango. An ce a dawo bayan mako uku a ji hukunci.

Dalilin da na ɓoye miki, kin riga kin gane shi. Ba na so ki zauna gaban keke kina cewa ke kika taɓa ƙafata. Amma ranar hukunci za a karanta shi a fili, gara ki ji daga wurina da ki ji a bakin famfo.

Ki gaishe da yara. Allah Ya sa mu ji alheri.
Naki, Bahago

Ranar Asabar

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun wuni lafiya, ya ƙoƙari da yara? Wasiƙarki ta same ni shekaranjiya, na karanta ta sau huɗu, na ga inda tawada ta jiƙe.

Abin da na ji tsoro shi kika yi. Ki saurare ni da kyau, don hannun nan ba zai iya maimaitawa ba. Ko ba ki taɓa ni ba zan faɗa. Mutumin da muka yi shekara sha ɗaya katanga ɗaya, wanda ya ɗauke ki a mota ranar haihuwar 'yan biyu ina bakin aiki, yana durƙushe yana kuka, me kike so in ce masa? In ce ya jira in tambayi lauya? Kada in sake jin maganar nan. Batun da kika yi kuma cewa na maida ke yarinya da na ɓoye miki, wannan kin yi gaskiya, ba ni da ta cewa.

Kin ce matar Mai Usur ta gaya miki ya yi tafiya bai faɗi inda za shi ba. To nan ya zo. Ranar Talata na je ofishin Lauya na tarar da shi zaune a kan matakala. Na kusa wuce shi. Tun da suka sauke shi daga kan inji suka mayar da shi gadin ƙofar sito na san ya rame, amma a gida ta saman katanga nake hango shi, na daɗe ban gan shi kusa haka ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shekara biyu Lauya ya hana mu magana, sai ga mu a matakala ɗaya ba mu san ta inda za mu fara ba. Daga ƙarshe ya tambaye ni ya hanya, na ce lafiya, na tambaye shi ya hanya, ya ce lafiya.

Ya zo da wata takarda da ya rubuta da hannunsa, ranakun nan uku da ya kai rahoton birki, da sunan wanda ya karɓa, da abin da aka ce masa kowace rana. Ya ce a shirye yake ya rantse a gaban kowa, ko da za a kore shi a ranar. Lauya ya karanta, ya ninke, ya mayar masa. Ya ce ai Mai Usur ya faɗi wannan a babbar kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta ce mutum ne mai kare kansa, nan kuma ƙofar shaida a rufe take. Mai Usur ya ce to a bar shi ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa wa alƙalan in sun fito. Lauya ya ce ta baya suke fita.

A nan na ji abin da ban sani ba. In hukunci ya tabbatar laifin direba ne, shi ma korarsa za a yi, ba fansho, kuma su bar lamba sha takwas. Ashe su ma shari'ar nan ce ke riƙe da rufinsu. Kada ki gaya wa matarsa, ban sani ba ko ya gaya mata.

Yayanki ya ce ya zo ya sauka wurinmu, ya ƙi. A wani ɗakin haya kusa da tasha yake. Ni kuwa zaman jira ya ishe ni. Da safe in raka Yayanki shago, in zauna ina kallon yadda yake auna ƙusa, in an yi ciniki in ce Allah Ya sa albarka. Matarsa tana ɗawainiya da ni ba ta nuna gajiya, amma na san nauyin baƙo na mako uku.

Kin tambaya ko ki fara neman kwali. Ban sani ba. Lauya da ya saba cewa "in sha Allah mun ci" yanzu "in sha Allah" kawai yake cewa. Ki nema a hankali, kada yara su gani.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Bahago

Ranar Juma'a

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Na kira ki jiya na ce an ɗage. Ba a ɗage ba. Muryarki na ji na kasa.

Mun faɗi. Huɗu da ɗaya.

Karatun bai kai rabin awa ba. Shugabansu ya karanta yana sauri kamar mai neman ya kama jirgi. Akawu ya daina raɗa min tun a tsakiya, ni ma ban tambaye shi ba, fuskar Lauya ta ishe ni. Daga baya aka warware min. Sun ce kamfani ba shi da alhaki a kan raunin da ma'aikaci ya samu ta sakacin abokin aikinsa. Sun ce babu wata hujja a rubuce game da birki. Sun ce mafi ƙarfin shaida a duk shari'ar ita ce ta mai ƙara da kansa, wadda ya bayar ba tare da an tilasta shi ba. Wai ba tare da an tilasta shi ba, Maman 'Yan Biyu.

Dattijuwar nan ce kaɗai ta saɓa. Ta karanta nata a hankali, ta ce abin da mutum ya faɗa don ya ɗaga abokinsa daga ƙasa ba shaida ba ne, kuma kamfanin da ya aika mai littafi gadon majinyaci ya fi kula da takarda a kan birki. Da ta gama ta cire tabarau ta dube ni. Lauya ya ce maganarta za ta shiga littattafai, wata rana ɗalibai za su karanta, ƙila ta amfani wani. Na ce masa Allah Ya amfana, amma ɗaliban ba za su ba mu ɗaki ba.

Kwana talatin sun fara daga jiya. Ga abin da za ki yi kafin in iso. Ki gaya wa 'yan biyu da kanki, kada su ji a makaranta, Auta ki bar min shi. Ki sallami ɗinkunan mutane da ke hannunki, kada ki karɓi sabo. Ƙofar bayan gida da tagar kicin mu muka sa, amma kada ki cire, ba na so a ce mun yi wa kamfani ɓarna su sami abin rubutawa. Yayanki ya ce akwai ɗaki ɗaya a bayan shagonsa inda yake ajiye fenti, za a iya kwashewa. Na je na gani. Keken ɗinki zai shiga, gadonmu zai shiga, sauran ban san yadda za mu yi ba. Makarantar yara kuma ban ma fara tunaninta ba, kaina ba ya ɗauka.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni cin abinci tun jiya.

Da muka fito, Mai Usur yana ƙasan matakalar kotu, a rana. Ba a bar shi ya shiga ba saboda ba shi da takardar shiga, tun safe yake tsaye. Bai tambaye ni ba, ya gani a tafiyata. Sai ya kama hannuna da hannayensa biyu ya durƙusa, a gaban 'yan sanda da masu wucewa da kowa, kamar wancan karon. Ya ce ya raba ni da hannu, yanzu ya raba ni da gida. Ya ce, "Don Allah ka yafe min."

Na san ba shi da laifi. Na fi alƙalan nan biyar sani, ni na ji ƙarar iskar birkin da kunnena. Na san shi ma daga jiya ba shi da aiki ba shi da gida, kuma bakina ne ya ja masa. Ni ya kamata in durƙusa. Na buɗe baki zan faɗa, wallahi na buɗe. Sai na samu kaina ina waige-waige, ina duba hannun mutanen da ke kusa, ko akwai mai biro.

Babu mai biro a kusa. Wata mai sayar da ruwa ce kawai da wani ɗan sanda yana hamma. Duk da haka kalmar ta ƙi fitowa. Na tsaya yana riƙe da ni, har ya gaji ya sake ni ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya ce ba komai, ya gane. Ya juya ya nufi tasha. Ban kira shi ba.

Hannun da suka ɗauka na saba da rashinsa. Gidan ma, in an kwana biyu, ƙila mu saba. Kasa cewa na yafe ne ban san yadda zan yi da shi ba, don ban san akwai kotun da za ta iya cire wa mutum kalmar nan daga baki ba.

Zai riga ni isowa da kwana biyu. In kin ji motsinsu ta katanga suna haɗa kaya, ki shiga ki taya matarsa. In ya tambaye ki ko na aiko da saƙo, kada ki ƙirƙiro masa komai don ki faranta masa. Ki ce ina hanya.

Ki gaishe da yara. Allah Ya ba mu haƙuri.
Mijinki, Bahago